Murhun Fenti a Bangon Falo: Ramin Ya Yi Zurfi a Karo na Uku

'Yan'uwa masu koyon zanen bango, daren jiya ramin murhun ɗumama ɗaki da nake zanawa a falona ya daina kama da baƙin allo. Mako uku ke nan ina fama da shi, har sau biyu ina shafe shi da farin fenti ina sake farawa.

Gidan da nake haya a Manchesta tsohon gini ne na jan bulo, irin jerin gidajen da ke manne da juna, kuma tudun bututun hayaƙi yana nan a tsakiyar bangon falo. An toshe bakin murhun da filasta tun da daɗewa, kamar yadda aka yi a gidaje da yawa a Ingila bayan dokar tsabtace iska ta 1956 ta taƙaita ƙona kwal a birane, jama'a suka koma ɗumama ɗaki da gas. Mai gidan ya amince da fenti amma ya hana ƙusa da fasa bango, saboda haka komai, har kantar da ke saman murhun, da buroshi zan fitar da shi.

Bulon waje bai ba ni wahala ba. Na bi awon bulon ƙasar nan, milimita 215 a tsawo da 65 a tsaye, da tazarar siminti milimita 10, na liƙa siririn tef a kan shafen ruwan toka, na dangwala ja da ruwan ƙasa da soso. Yini ɗaya ya ishe ni.

Ramin ne ya ƙi. A karon farko na cika shi da baƙin fenti zalla, faɗin santimita 60 da tsayin 65, ina zaton duhu kaɗai zai ba da zurfi. Abin da ya fito ya fi kama da talabijin da aka kashe, kuma yarinyata ta zo da alli tana neman izinin rubutu a kai. A karo na biyu na zana bangon ciki guda huɗu, dama da hagu da sama da ƙasa, kowanne da faɗi ɗaya, suna tafiya zuwa wani ƙaramin murabba'i a tsakiya. Layukan sun miƙe sarai, na duba su da lebur, amma ido ya ƙi yarda, kuma na kwana biyu ina kallonsa cikin takaici ban gano inda na kauce ba.

Kuskuren yana wurin tsayin ido. Zanen da na yi daidai yake ga wanda ya kwanta rub da ciki a ƙasa, idonsa na fuskantar tsakiyar ramin. Mutumin da ke zaune a kujera kuwa idonsa yana sama da bakin murhun gaba ɗaya, don haka daɓen ramin zai gani da faɗi, rufinsa kuma ba zai gan shi ba ko kaɗan. Na zauna inda muka saba zama, na sa aka auna mini daga ƙasa zuwa idona, aka sami santimita 110. Na yi ɗigo a wannan tsayin a tsakiyar bango, na liƙa zare a wurin da tef, na riƙa jan zaren zuwa kusurwoyin ƙasa na bakin ramin ina bin sa da fensir. Layukan bulon da ke gefen ciki su ma duk na karkata su zuwa ga ɗigon nan, sai suka riƙa hawa sama yayin da suke shiga ciki. Tun kafin in taɓa fenti, da fensir kawai, bangon ya fara lotsawa.

Daga nan sai haske. Tagar falon tana hagu, wanda ke nufin gefen dama na cikin ramin ne zai sami haske, na hagu kuma ya zauna a inuwa, akasin abin da hannuna ya so yi. Na ajiye baƙin gwangwani gefe, na haɗa ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi mai duhu, domin wannan haɗin yana ba da baƙi mai rai wanda bulo ke leƙowa ta ƙarƙashinsa. Kunkunniyar hayaƙi na yi ta da soso kusan busasshe, shafe huɗu marasa kauri, ta fi duhu a saman bangon baya tana raguwa zuwa ƙasa. Ku tuna cewa irin fentin da nake amfani da shi yana ƙara duhu idan ya bushe, ku jira kowane shafe kafin ku yanke hukunci. Gaggawar da na yi a shafe na biyu ta sa sai da na goge kusurwa ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma.

Shafewar nan biyu ta ci mini kuɗi. Baƙi ba ya ɓuya a ƙarƙashin fari cikin sauƙi, sai da na sayi fentin share fage na musamman, na haɗa da ƙananan gwangwanayen gwaji da tef, abin ya kai fam 41 a kan aikin da na yi wa kasafin fam 20.

Ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. Wani baƙo ya miƙa hannu zai ajiye kofin shayi a kan kantar kafin ya ankara. Sai dai zurfin daga kujera yake aiki. Idan aka tsaya a bakin ƙofa ramin yana ɗan karkacewa, kuma da dare fitilar rufi tana saɓa wa inuwar da na zana don hasken taga. Ina tunanin mayar da fitilar tsaye zuwa hagu kusa da tagar. Itacen wuta ban fara ba tukuna, kuma na fi karkata ga zana guntayen itace da toka ba tare da harshen wuta ba, domin wutar da ba ta motsi za ta tona asirin sauran aikin.