Ƴar kwamfutar da na haɗa don gem ɗin da

Masu tambayata wace na'ura na saka a akwatin gem ɗin da na haɗa, to ga bayani, ku yi haƙuri da tsawo. Ni dai burina Street Fighter II da Metal Slug da King of Fighters, irin waɗanda muke bugawa muna yara, kuma gem ne na shekarun 1990, Street Fighter II ma tun 1991 Capcom ta fitar da shi, ba ya buƙatar wata ƙatuwar kwamfuta.

Abu biyu na tsaya a kansu, Raspberry Pi 4, wata ƴar kwamfuta mai girman tafin hannu, da kuma ƙananan kwamfutocin ofis na hannu irin Lenovo ThinkCentre Tiny ko Dell OptiPlex Micro. Gaskiya ta ofis ɗin ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, har gem ɗin PlayStation 2 wasu suna iya ɗauka, wani abokina a Zongo ita ya saya kuma yana jin daɗinta. Amma ita sharjarta wajen volt 20 take so, ke nan in kuran ya ɗauke sai ka bi ta inbata, ita kuwa Pi volt 5 ne da amfiya 3 ta USB-C, sai na sa ɗan abin rage wuta daga batirin sola na volt 12 shi ke nan, gem na tafiya unguwa na cikin duhu. A nan Damagaram wannan ne ya yanke min hukunci na ɗauki Pi 4, ba ƙarfin injin ba.

Sai zafi. Wallahi kar wanda ya ruɗe ka da ɗan akwatin roba mai kyau rufaffe, Pi in ta kai wajen digiri 80 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, to ka duba watan Afrilu da Mayu da ɗaki kansa ya haura 40, kana tsakiyar dambe sai ka ji sauti na karkatsewa hoto na jan ƙafa. Ni akwatin ƙarfe na saka mata wanda jikinsa duka ke shan zafin, babu fanka, don fanka a lokacin hunturu ƙura kawai take zuƙowa ta cika ciki kamar buhun gari.

Manhaja kuwa Batocera na ɗora a katin memori, akwai RetroPie da Recalbox su ma, Recalbox ɗin ƴan Faransa ne suka yi ta ga mai son faransanci. Inda mutane ke shan wahala shi ne MAME, manhajar da ke kwaikwayon injinan gem na da, duk sigar MAME da nata tarin fayilolin gem, misali MAME 2003 da fayilolin 0.78 take aiki, in ka zuba mata na wata sigar sai allo ya yi baƙi ya maido ka baya, mutum ya fara zagin na'ura alhali ba laifinta. Gem ɗin injin Neo Geo kuma, irin su Metal Slug da King of Fighters, sai da fayil ɗin neogeo.zip a gefensu, kuma ni na ga sun fi tafiya sumul a FinalBurn Neo, wata manhajar irin MAME.

Kati ka sayi na kirki, jabu ya cika kasuwa, kuma ka riƙa kashe Pi ɗin ta cikin menu, fizge waya na lalata kati. In ka gama saiti kwafe katin duka ka ajiye.

Wani abin da ya sa ban tafi Pi 5 ba, ko da ta fi gudu, an cire mata ramin nan na 3.5mm, shi kuwa a Pi 4 yana fitar da hoto zuwa tsohuwar tele mai ƙeya da wayar nan mai jan kai da fari da rawaya, sai dai ka kunna shi a saiti kuma ba kowace waya ke dacewa ba. Gem ɗin nan don irin wannan allon aka zana su, a filazma sai ka ga Ryu na Street Fighter ya yi faɗi in ba ka maida hoton 4:3 ba.

Manet mai waya ta USB nake amfani da ita, ta Bluetooth akwai ɗan jinkiri da mai dambe zai ji a yatsa. Ƙanena yanzu ya matsa sai na saka masa ƙwallon PlayStation 2, na ce Malam wannan sai ka je Zongo wajen mai Lenovo.