Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a jinyata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Litinin da ta wuce likita ya duba sakamakon gwajin jinina da hoton ciki da na ƙirji, ya ce babu sauran alamar ciwon. Jama'a da yawa a nan Argungu sun san na kwanta, amma "ciwon ciki" muka riƙa gaya musu. Yau dai zan kira shi da sunansa: kansar ɗan maraina ce.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga uwargida take. Wata biyar ina jin wani kulli mai tauri kamar ƙwayar gyaɗa a na dama, ba zafi ba raɗaɗi, sai nauyi. Kunya ta hana ni faɗa. Wani mai kemis ya ce sanyi ne, ya haɗa mini kafso. Na sha, na bi da sassaƙe, kullin sai ƙaruwa yake. Rannan ta ajiye mini abinci ta ce, "Malam, ko ka tafi asibiti gobe, ko in gaya wa Yaya da bakina." Haushinta na ji a lokacin. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Yaya, kai ka ɗauke ni zuwa Birnin Kebbi, daga can aka tura mu asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka bar aikin shinkafarka a fadama hannun yara. Ban manta ba.

Da likita ya ce za a cire ɗayan gaba ɗaya, tambaya ɗaya ce ta zo bakina, kowane namiji kuma ya san ta. Ya zaunar da ni ya ce wanda ya rage yakan wadatar, ga iyali ga haihuwa. Ya ce ciwon ya fi kama matasa, daga shekara 15 zuwa wajen 40, kuma idan an tare shi da wuri fiye da 90 cikin 100 suna warkewa. A matsematsi aka yi yankan, ba inda nake tsoro ba. Sai dai jinkirina ya sa ciwon ya kai ga kaluluwar cikin ciki, dole aka shiga maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake sawa ta jijiya.

Nan ne aka sha wuya. Zagaye 3, kowane mako 3, da magunguna uku: bleomycin, etoposide da cisplatin. Kwana 5 a jere ina kwance ana ƙarin ruwa leda bayan leda, don cisplatin yana taɓa ƙoda idan ruwa ya yi ƙaranci. Bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Ni da ba na wasa da tuwon shinkafa, ƙamshin miyar kuka kaɗai ya isa in nemi roba. Inna ce ta gano kunun tsamiya mai sanyi yana zama, ta riƙa ba ni cokali-cokali tana cewa, "Haɗiye, ɗan nan, ko uku ne." Cikin mako na uku na tashi da asuba na ga gashina a kan matashi. Ma'aikatan jinya na ɗakin maza, musamman masu aikin dare, ku kuka ga wannan duka ba ku taɓa yamutsa fuska ba. Na gode.

Masu tambaya ko na koma garau: saura kaɗan. Kunnena na hagu har yanzu yana kuka kamar gyare, yatsuna kuma sun yi dindiris, carbi ma sai na duba nake sanin na ja. An ce mu dakata da neman haihuwa zuwa wani lokaci, saboda maganin yana rage ƙarfin maniyyi. Zan kuma ci gaba da komawa gwaji har shekara 5.

Kuɗin magani kuwa, ba don jama'ar masallacinmu da abokan aiki na makaranta da Kawu da ya sayar da bijiminsa ba, da a zagaye na biyu muka tsaya. Akwai wanda ya turo kuɗi sau biyu ya hana a faɗi sunansa; Allah Ya san ka.

Sai mai askin bakin kasuwa, wanda ya zo har gida ya kwashe ragowar gashin ya ƙi karɓar ko sisi. Jiya na je shagonsa, ya shafa kaina ya ce gashi ya dawo, saboda haka wannan karon sai na biya.