Talata, ranar da aka amsa min tambayar biri

Yau tun asuba raina a ɓace yake, kuma duk akan tambaya ɗaya ce. Jiya da daddare ƙanwata tana bitar bayoloji saboda WAEC ta zo kan darasin juyin halitta, sai ta ɗago kai ta ce, Yaya, in dai mutum daga biri ya fito to me ya sa har yanzu akwai birai? Na rasa abin da zan ce mata. Ni ma abin ya daɗe yana min yawo a kai tun ina sakandare, malaminmu a lokacin tsallake babin ya yi ya ce mu haddace sunan Darwin, masanin da ya shahara da wannan nazari, kawai. To sai na rubuta tambayar a Facebook, wuri biyu, ɗaya da Turanci ɗaya da Hausa, na ce don Allah mai sani ya fahimtar da ni, ba gardama na zo yi ba.

Da na idar da sallah na kunna data. A ɓangaren Turanci wani ya ce in koma firamare, wani ya jera min fuskokin dariya kusan goma, wani kuma ya ce irinmu masu addini ba ma son gaskiya, shi da bai san ni ba bai san me ke zuciyata ba. A ɓangaren Hausa kuwa abin ya fi min ciwo, don 'yan'uwana ne. Wani ya ce in yi istigfari, wani ya ce da haka ake fara barin addini. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ni da na yi imani Allah ne Ya halicci Annabi Adamu, tambaya kawai na yi.

Haka na buɗe kemis jiki ba ƙwari. Wajen sha ɗaya wani dattijo ya shigo yana neman kulorokwin, ya ce shi ya saba sha tun yana saurayi. Na ce Baba ai yanzu zazzaɓin cizon sauro ba ya jin sa, na ba shi shawara ya fara gwajin jini tukuna. Ya tafi yana ƙorafin wai magungunan yanzu ne ba su da ƙarfi.

Bayan azahar saƙo ya shigo min daga wata baiwar Allah, ta ce ta shekara da yawa tana koyar da bayoloji. Da sallama ta fara, sannan ta ce ɗana tambayarka mai kyau ce kuma ɗalibai da yawa suna yin ta. Wannan kalmar kaɗai ta sa na gyara zama.

Ta ce masana ba su ce mutum ya fito daga birin da muke gani yau ba, abin da suke cewa shi ne an haɗa kaka ne can baya, kamar kai da ɗan baffanka, ba shi ya haife ka ba, kuma zuwanka duniya bai sa shi ya ɓace ba. Ta ce a 2001 an tono wani ƙoƙon kai, na wata halitta da masana ke ganin tana kusa da wannan kakan, a hamadar Djurab a arewacin Chadi, nan maƙwabta, suka sa masa suna Tumai, ana ƙiyasta ya kai shekara miliyan 7, kafin nan kuma akwai ƙasusuwan da ake kira Lucy da aka samu a Habasha a 1974. Ni ban taɓa sanin Chadi tana cikin zancen ba sam.

Da na gaya mata a kemis nake aiki sai ta ce to ai kai kullum kana ganin abin da idonka. Kulorokwin bai lalace ba, ƙwayar cutar ce ta canza: waɗanda maganin ke kashewa suka mutu, 'yan kaɗan da suka jure suka hayayyafa har suka mamaye, shi ya sa Najeriya ta koma haɗin magungunan zazzaɓin da ake kira ACT a 2005. Na tuna dattijon ɗazu, na ji tsigar jikina ta tashi. Sai ta kawo sikila. Mai AS, wato mai ɗauke da jinin sikila amma ba ya ciwon, yana da kariya daga mugun zazzaɓin cizon sauro fiye da mai AA da ba ya ɗauke da shi, don haka a ƙasashen sauro irin namu yara masu AS suka fi rayuwa, jinin ya yaɗu, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da shi. Ni AS ne. Takardar gwajin tana cikin walat ɗina, ta naɗe har ta fara yagewa, na ciro ta na daɗe ina kallo. Ɗan yayata SS ne, wato yana da ciwon sikila, na sha kwana da shi a asibiti, ban taɓa tambayar daga ina wannan abu ya samo mu ba.

Na yi ƙarfin hali na ce Malama to Annabi Adamu fa? Ta ce ita ma musulma ce, ba za ta yi min fatawa ba don ba fanninta ba ne, in nemi malami mai haƙuri in tambaye shi yadda na tambaye ta. Na ji daɗin da ba ta yi min ƙaryar ta san komai ba, kuma ba ta ce in zaɓi ɗaya in jefar da ɗaya ba.

Da na dawo gida na zana wa ƙanwata reshen bishiya a bayan littafinta, na sa kaka a ƙasa, jikoki a sama. Ta gane nan take, amma sai ta ce to su kakan daga ina? Na ce bari in rubuta, gobe zan tura wa Malama. Tambayar Annabi Adamu kuma na ajiye ta sai Juma'a, akwai wani malami a unguwarmu da ba ya korar mai tambaya, zan jira a watse daga karatu in same shi shi kaɗai.