Riƙe littafin asusun jari a Maraɗi, daga kiran kuɗi zuwa rabo

Aikina shi ne riƙe lissafin wani asusu da ke sayen hannun jari a ƙananan kamfanoni masu tasowa, yawancinsu a Maraɗi da kewaye: masu matse man gyaɗa, masu ajiyar wake da aya, masu kiwon kaji. Asusu irin wannan ba ya ba da rance a kan jingina kamar banki. Shiga yake yi cikin kamfani da kasonsa, ya zauna ƴan shekaru, sannan ya sayar ya fita, ko da riba ko da asara. Tsarin da aka saba a duniya shi ne asusun ya yi shekara 10, biyar ɗin farko na zuba jari, sauran na fita. Masu gudanarwa suna karɓar ladan kashi 2 cikin 100 a shekara, da kashi 20 na ribar ƙarshe.

Abin da na fara warewa a littafi shi ne alkawari daban, kuɗin da aka kira daban, kuɗin da ya shigo banki daban. Idan aka ce asusu na miliyar 2 ne na sefa, ba a nufin miliyar 2 tana kwance a banki. Masu jari sun sa hannu ne cewa za su bayar idan an kira. Kowanensu yana da shafinsa: abin da ya yi alkawari, abin da aka kira, abin da ya biya, abin da ya rage, abin da aka mayar masa. A tsarin SYSCOHADA, wato tsarin riƙe littafin lissafi da doka ta shimfiɗa wa kamfanoni, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, jarin da ba a kira ba yana zama a shafin lissafi mai lamba 109, wanda aka kira ba a biya ba yana komawa 467. Duk ƙarshen wata nake haɗa jimillar shafukan da waɗannan lambobi. In sun bambanta ko da dala ɗaya, ba na rufe watan.

Akwai wani tarko a dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, da ya kamata a gani tun kafin a je wurin notaire, mai tabbatar da takardun kamfani a hukumance. Idan asusun kamfanin SA ne, wato babban kamfani mai hannun jari, dole a biya aƙalla rubu'in jarin ranar sa hannu, sauran kuma cikin shekara 3 daga rajista a RCCM, wato rajistar kasuwanci. Asusu kuwa yana son ya riƙa kira har shekara biyar. Wanda ya rubuta dukan alkawarin a matsayin jarin kamfani tun ranar farko zai wayi gari a shekara ta uku doka ta tilasta masa kiran kuɗin da ba shi da inda zai zuba. Mafita biyu na sani: a fara da ƙaramin jari a riƙa ƙarawa, wanda kowane ƙari yana cin taro da notaire da gyaran rajista, ko a ɗauki tsarin jari mai sauyawa, wanda jarin ke ƙaruwa ko raguwa ba sai an gyara takardun kafa kamfani ba, da gyaran dokar na 2014 ya kawo tare da kamfanin SAS, wato kamfanin hannun jari mai sauƙaƙan ƙa'idoji. Ni na biyun na fi so, don takardunsa sun fi sauƙi.

Takardar kiran kuɗi tana fita aƙalla kwana 10 na aiki kafin ranar biya, kuma tana fayyace inda kowane kaso zai tafi. A ce an kira miliyan 150: miliyan 120 na shiga wani kamfani, 20 na ladan gudanarwa na wata shida, 10 na mai binciken lissafi da lauya da sauran hidimomi. Mai alkawarin miliyan 200 yana da kashi 10 cikin 100 na asusun, don haka nasa miliyan 15 ne: 12, da 2, da 1. Rarrabewar nan tana da amfani daga baya, domin bayan shekara biyar ladan gudanarwa yakan daina hawa kan alkawari ya koma kan abin da aka zuba a kamfanoni kawai. Wanda ya dunƙule kiran a layi ɗaya ba zai iya fitar da wannan adadi ba sai ya tone takardun shekaru.

Mai jarin da ke Turai yana aiko yuro, kuma canjin a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655.957. Miliyan 15 ta zama yuro 22,867.35. Amma in bankunan tsakiyar hanya suka yanki yuro 40, kuɗin zai iso da giɓin sefa 26,238, shafinsa ya ƙi rufuwa, a yi ta musayar wasiƙu kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Maganinsa layi ɗaya ne a takardar kira: duk kuɗin aikawa yana kan mai aikowa. Mai dalar Amurka kuwa, a rubuta alkawarinsa da sefa ko yuro tun farko. Ina kuma adana takardar banki ta shigowar kowane kuɗi daga waje, saboda ranar da za a mayar da jarin da ribarsa, banki zai nemi shaidar yadda ya shigo.

Da ƴan kasuwarmu na gida matsalar wata ce. Alhaji zai ba yaronsa tsabar kuɗi ya je ya zuba a banki, takarda ta fito da sunan yaron. Sai in kira in ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, kuɗin sun shigo, amma ba da sunanka ba.” Amsar kusan kullum ɗaya ce: “To, Malam, ba kuɗin ba ne kuke so? Ga su nan.” Dokar yaƙi da halatta kuɗin haram, wadda CENTIF, hukumar sa ido kan shige da ficen kuɗi, ke karɓar rahotanninta, ta sa dole mu san daga ina kuɗi ya fito, kuma masu jarin waje ba sa wasa da wannan. Kuɗi yana fitowa ne daga asusun bankin mai alkawarin, da sunansa. Wanda ya zo ta wata hanya, mayarwa ake yi, ko da ran Alhaji zai ɓaci na kwana biyu.

Waɗanda suka shigo a makare su ma suna da lissafinsu. A ce an fara da alkawarin miliyan 1,200, an kira miliyan 120 an zuba, sannan sabbi suka zo da miliyan 800. Yanzu 120 ɗin kashi 6 ne cikin 100 na miliyar 2. Sabbin za su biya miliyan 48, a mayar wa na farko, nasu ya sauko 72. Wannan 48 ba riba ba ce, komawa take cikin abin da za a iya sake kira a wurinsu, kuma dole takardar ta faɗi haka ƙarara, in ba haka ba wani zai ɗauka asusu ya fara haihuwa. Sabbin kuma suna biyan ladan gudanarwa tun daga ranar farko, kamar da su aka fara.

Duk wannan lissafin ofis ne, ana iya gama shi a kwamfuta. Inda aikin yake cin rai shi ne littafin kamfanonin da muka shiga, domin darajar asusun daga can take fitowa. Yawancinsu mun same su ba a raba aljihun mai kamfani da akwatin kamfani ba. Kuɗin suna, gudummawar biki, kujerar hajji, duk daga ciniki ake ɗiba. Kafin mu saki ko jika ɗaya sai an sami NIF, wato lambar haraji, da RCCM, an buɗe asusun banki da sunan kamfanin, an yanka wa mai kamfanin albashi. Abin da ya ɗiba bayan albashi ana rubuta shi a shafinsa na lamba 462, inda ake rubuta abin da ke tsakanin kamfani da masu shi. Kuma ina gaya masa tun da wuri cewa a kamfanin SARL, wato kamfanin da alhakin masu shi bai wuce jarinsu ba, doka ta hana manaja ko mai hannun jari ya ci bashin kamfani, don haka shafin nan bai kamata ya nuna ana binsa ba. Kuɗin jarinmu ma ba a sakinsa gaba ɗaya. Na inji kai tsaye ake biyan mai sayarwa a kan takardar farashi, na sayen amfanin gona kuma kashi-kashi, kowane kashi bayan an ga rasit da buhunan wanda ya gabata. Rahoton wata yana zuwa kafin 15 ga wata mai bi: ciniki, takardar banki, masu riƙe da bashi, da abin da ke mangaza.

Mangaza ita ce ke ruɗin wanda bai san yanayin kasuwar nan ba. Ana sayen gyaɗa da wake da kaka, lokacin da tiya take araha, a sayar ko a sarrafa har bazara da damina. To shekarar lissafi tana rufewa 31 ga Disamba, daidai lokacin da mangaza take cike, banki kuma babu komai. Rabin dukiyar kamfani ko fiye yana cikin buhuna, don haka ba na karɓar adadi ta waya. Ana zuwa a ƙirga: layi nawa, tsayi nawa, sannan a sa ƴan dako su buɗe tsakiyar tsibin, don a can ake samun rami ko buhunan wani da aka ajiye amana. Ana zaro buhu daga wurare daban-daban a ɗora a sikeli, domin buhun da ake kira na kilo 100 yakan ragu bayan ya bushe. Wake kuma sai an sa hannu an damƙo. In ka ji gari-gari a tafinka, ka ga ƙwayoyi da huda, ƙwari sun riga ka, kuma darajar wannan tsibin sai an rage ta a littafi. Wanda aka ɗure a buhun PICS, mai ninki uku da ke hana iska shiga, in an ɗaure shi da kyau, ba a cika samun haka ba. Farashin da ake rubutawa shi ne na saye, ko na kasuwa in ya faɗi ƙasa da na saye. Mai kamfani zai so a sa farashin da yake fata a watan Yuni. Ba a sa wa.

Sai naira. Kamfanin da ke kai kaya Katsina da Kano ta Ɗan Isa da Jibiya yana bin bashi da naira, littafinsa kuma na sefa ne. Da aka bar kasuwa ta yanke canjin naira a Yunin 2023 ta faɗi warwas, bashin da aka rubuta da tsohon canji ya zama ba ya kawo abin da littafi ya ce. A ƙarshen shekara ana sake auna irin wannan bashi da canjin ranar rufewa, bambancin ya shiga shafin bambancin canji, lamba 478 ko 479, a kuma ware tanadi in asara ce. Abin da na dage a kai shi ne a tsayar da wurin ɗaukar canjin guda ɗaya, a rubuta shi, a bi shi kowane wata. In aka bar mai kamfani yau ya ɗauki na banki gobe na ƴan canji, duk wanda ya fi masa daɗi, ribar da ke takarda ba ta da ma'ana. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ƙara wani darasi: iyaka ta rufe har cikin 2024, aika kuɗi ya yi wuya. Tun daga nan nake ba da shawarar asusu ya riƙe kuɗin hidimar wata shida a banki, yarjejeniya kuma ta bambanta mai jarin da ya ƙi biya da wanda hanyar biya ta toshe masa.

Darajar kamfani guda tana fitowa da fuska biyu, kuma masu jari sukan rikice. Littafin doka na SYSCOHADA yana riƙe da farashin saye: in darajar ta faɗi a rage, in ta tashi ba a rubuta ba sai an sayar. Rahoton da masu jarin waje suke so kowane wata uku kuwa yana bin ƙa'idojin IPEV na ƙasa da ƙasa kan auna darajar jari, wato abin da kason zai yi in an sayar yau. Ina haɗa shafi ɗaya da ke nuna yadda aka tashi daga wannan adadi zuwa wancan, kamfani bayan kamfani. A Maraɗi, inda babu kasuwar da za a duba farashin kamfanin man gyaɗa, ba na ɗaga daraja sai in wani na waje ya sayi kaso da sabon farashi, ko riba ta tsaya shekara biyu a lissafin da aka bincika.

Kalanda kuma matsattsiya ce. Doka ta ba da wata huɗu a kammala lissafin shekara, wata shida a yi babban taron masu hannun jari, mai bincike kuma ya karɓi takardu kwana 45 kafin taron. Kamfanonin da muka shiga su ma wa'adinsu ke nan, don haka in ka jira nasu ka makara. Na sa a yarjejeniya su ba da lissafin wucin gadi kafin ƙarshen Fabrairu.

Ranar rabo ce ake gane ko yarjejeniya ta rubutu. A ce kason da aka saya miliyan 120 an sayar da shi 300. Masu gudanarwa za su ga ribar 180, su lissafa kashi 20 ɗinsu, miliyan 36. Amma in yarjejeniya ta ce a duba asusun gaba ɗaya, kuma an riga an kira miliyan 900, dukan 300 ɗin na masu jari ne, da sauran 600 kafin a fara maganar riba. Bayan uwar kuɗi akwai ribar fifiko, galibi kashi 8 cikin 100 a shekara, da ake lissafawa daga ranar da kowane kira ya shigo, shi ya sa ranar banki nake rubutawa, ba ranar takarda ba. Ƴan kasuwarmu sukan tsaya a nan su tambaya ko wannan ba kuɗin ruwa ba ne. Abin da nake nuna musu shi ne ba lamuni aka yi wa kowa ba: in babu riba, babu kashi 8, tsarin wa zai fara ɗiba ne kawai. Hukuncin kuwa na malamai ne, kuma gara a kai musu takardar kafin sa hannu.

Mai sayen kasonmu a nan kusan kullum mai kamfanin ne da kansa, kuma ba ya iya biya lokaci ɗaya. Don haka hanyar fitar da farashin tana cikin yarjejeniya tun ranar shiga, biyan kuma kashi-kashi ne, ana daidaita shi da watannin da mangaza ke komawa kuɗi. Abin da bai biya ba yana zama bashi a littafi, kuma ba na raba wa masu jari sai abin da ya riga ya sauka a banki, bayan an cire harajin da ake yankewa tun daga tushe an kai wa ofishin haraji an karɓo takardarsa.