Mun je ganin gidan hanyar Gwarzo

Asabar.

Yau dai Allah ya yi, mun je ganin gidan nan da Abban yara yake ta yi mana zancensa tun kafin azumi. Da sassafe muka kai wa Hajiya yara, muka biya muka ɗauki Kawu, wanda ya san aikin gini, don na riga na ce ba inda za ni ba tare da shi ba. Daga Kabuga muka miƙe titin Gwarzo, muka wuce Rijiyar Zaki, muka wuce sabuwar Jami'ar Bayero, sannan muka sauka daga kwalta muka kama burji. Tun a nan na fara lissafin nisan makarantar yara da wurin aikina, da kuɗin mai safe da yamma. Na dai yi shiru.

Amma ana buɗe get sai raina ya yi fari. Fuloti biyu ne a haɗe, ƙafa 100 tsawo, ƙafa 100 faɗi. Ginin ba bene ba ne, ɗaki uku da falo da kicin da sito, kuma bai ci sulusin filin ba. Sauran duk sarari: mangwaro biyu sun yi 'ya'ya jingim, darbejiya a bakin get, gwaba, zogale a jere jikin katanga, ga akurkin kaji can baya. Wanda ya san gidan hayarmu, inda shanya ma sai an jira ta maƙwabta ta bushe, zai gane abin da na ji. Har na hango Auta yana tuƙa kekensa.

Kawu kuwa ko kallon bishiyoyin bai yi ba. Dillali yana ta nuna mana sabon fenti da tayil ɗin falo, shi ya zagaya baya abinsa. Na bi shi. Ya ciro ɗan makulli ya kankare ƙasan bango, fenti ya ɓare, filasta ta zubo kamar gari.

"Kin gani? Rima ce, ga gishiri ya fara cin bangon. Dubi layin nan, iya gwiwa. Nan ruwa yake tsayawa."

Ya fita waje ya tsuguna ya auna titi da ido, ya ce titin ya fi daɓen gidan tudu, kuma babu lambatu ko ɗaya a layin. Tsagar da ke jikin filastar falo ya ce ba komai, aikin rana da sanyi ne. Wadda ta dame shi ita ce ta kusurwar tagar ɗakin baya, da ta gangaro a karkace har makulli yana shiga ciki; ya ce wannan fandisho ne ya zauna ta ɓangare ɗaya. Ya sa aka kawo tsani ya leƙa cikin silin da fitilar waya: katakon gaba lafiya lau, na baya gara ta taɓa, kwano kuma ya yi tsatsa wajen ƙusoshi. Bulon ne ya yaba. Ya ce lokacin da yake aiki ba sa wuce bulo 30 zuwa 35 na inci tara a buhun siminti ɗaya, kuma wannan irin sa ne. Rijiya da sokawe ya taka tsakaninsu, ya girgiza kai, ya ce masu duba-gari mita 30 suke so, nan ko rabi bai kai ba. Ke nan sai burtsatse a gaba.

Abban yara ya tambayi takarda: awon gwamnati ne ko awon igiya? Dillali ya ce, "Alhaji, takardu lafiya lau, har da sa hannun mai unguwa da dagaci." Abban yara ya ce wannan shaida ce mai kyau, amma ba ita ya tambaya ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, satifiket ɗin shekara 99 ake ba mutum, kuma ko sayarwa za a yi sai da amincewar gwamna. Don haka sai lauya ya bincika a KANGIS, hukumar ajiye bayanan filaye ta Kano, a kuma ga ko KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ta amince da zanen ginin, kada a wayi gari da jan fenti a katanga. Dillali ya ce za a kawo.

Duk wannan ba shi ya hana ni sukuni ba.

An ce mana gidan gado ne, magada duk sun amince. Ni na ɗauka babu kowa a ciki. Sai da na je ƙofar ɗakin ƙarshe na ji an amsa sallama. Dattijuwa ce a kan tabarma tana tsince shinkafa a faranti, kayanta a ɗaure a kusurwa cikin buhuna, katifa a jingine. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Ta jawo mini kujera 'yar tsuguno.

"Ku ne masu sayen?"

Na ce, "Dubawa dai muka zo yi, Mama."

"Na ga dattijon nan yana kankarar bango. Da ya tambaye ni da bai wahala ba. 'Yar nan, cikin Agusta ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin get, ya taru a baya, wani lokaci ya kwana biyu bai janye ba. Ɗakin nan ba ya shiga, na kusa da kicin yake shiga. Marigayi ya yi niyyar ya zuba ƙasa ya ɗaga wajen, ya fitar da kwata ta yamma, Allah bai nufa ba. In kun saya, da wannan za ku fara kafin ruwa ya sauka. Fentin nan kuwa watan jiya yara suka sa aka yi."

Dillali yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Haba Hajiya, ai ɗan ruwa ne." Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce ba za ta bari a shigo da ƙananan yara gida ba a san halinsa ba.

Sai na tambaye ta ina za ta koma.

"Inda yaran suka ce. Mu biyu ya bari. Yaya tana cikin gari wajen babban ɗanta. Ni 'ya'yana mata ne, suna ɗakin mazajensu."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ni ce na kasa haɗiye yawu. A take na yi lissafin a raina: tumunin takaba, kashi ɗaya cikin takwas, kamar yadda ya zo a aya ta 12 ta Suratun Nisa'i, su biyu za su raba. Ɗaya cikin goma sha shida ke nan na kuɗin gidan. A Kanon yau wannan ba zai saya mata ko ɗaki da tsakar gida a kusa ba. Rabon Allah ne, babu wanda ya zalunce ta, kuma magada suna da haƙƙin su karɓi nasu. Na san haka sarai. Amma matar da ta dasa zogalen nan da hannunta, wadda ta san ta inda ruwa yake shiga, ita ce za ta fita da buhuna, ni in shigo da nawa. Kuma ita kaɗai ce a gidan ta gaya mana gaskiyar da za ta iya rage kuɗin da ita ma take jira.

Da zan tashi ta sa wani yaro ya tsinko mana mangwaro cike da leda. Ta ce na gabas ɗin nan dashe ne, bai taɓa fashin shekara ba, a riƙa ba shi ruwan wanke-wanke da rani. Daidai wajen ne Abban yara ya nuna mini tun muna shigowa, ya ce nan za a fasa katanga a fitar da shaguna.

A mota na faɗa masa duka. Ya ce, "To ya kike so a yi? In ba mu saya ba wani zai saya, ya yanka filin gida huɗu, ya ba ta wata ɗaya ta tashi." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ci mini rai. Kawu ya ce shi dai shawararsa ɗaya ce: ba a sayen gida da bazara, a bari ruwa ya sauka a dawo a gani da ido, sannan a cire kuɗin cike da kwata da rufin baya da burtsatse daga farashi. Ya ce a gaskiya fili za mu saya, ginin gyara ne a kai. Na ce in an rage farashi ai nata ma ya ragu. Babu wanda ya amsa mini har muka zo Kabuga.

Hajiya ta yi mana tuwo miyar kuka. Auta da ɗan zazzaɓi, an ba shi magani, ya yi barci. Wuta ba ta zo ba sai bayan isha'i.

Dillali ya kira har ana shirin kwanciya, wai akwai wani Alhaji da zai biya gobe. La'adarsa yake hange. Abban yara ya ce masa in rabonmu ne zai jira mu.

Litinin za mu wajen lauya, kuma na ce da ni za a je. Ina so in ga takardar rabon gado ta kotu, da sa hannun kowane magaji, har da nata, kuma in ji daga bakinta ba daga bakin dillali ba. Sannan zan tambaye shi ko ana iya rubutawa a yarjejeniya cewa za ta zauna a ɗakinta har 'ya'yanta su sama mata wuri, ko da zai kai bayan damina. Mu dai hayarmu sai Disamba take ƙarewa. Abban yara ya ce mu gani, bai ce a'a ba.