Arthur ba ya sauri

Asabar. Yau ba inda na leƙa. Na sake ɗauko wasan bidiyo na Red Dead Redemption 2 a na'urar wasa ta PS4 na faro shi daga tushe, ƙanena na gefe yana jiran a miƙa masa hannun gem. Babin farko duk a cikin dusar ƙanƙara ake yinsa, doki na nutsewa, jarumin wasan, Arthur Morgan, na jan ƙafa kamar an ɗaura masa dutse. Ba a jima ba yaron ya ce, "Yaya, gem ɗin ne ya lalace ko mutumin ne ba shi da lafiya?"

Lafiyarsa ƙalau, haka kamfanin Rockstar suka ƙera shi tun fitowar wasan a 2018. In ya shiga ɗaki sai ya jawo durowa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa hannu, ya ɗauki abu, ya sa a jaka, kana kallo. In ya harbi barewa a gabanka zai feɗe ta. A cikin sansani kuwa ko ka danne maɓalli da ƙarfin tsiya ba zai yi gudu ba. Labarin na 1899 ne, zamanin doki da keken doki, kuma so suke ka ji nauyin zamanin a jikinka. Wannan nawar ban ƙi ta ba. Haka wasan Death Stranding na mai ƙirƙirar wasanni Hideo Kojima, na 2019: jaruminsa ɗan dako ne da kaya a gadon baya, aikinka ka daidaita shi kada ya kife a gangare. Can tafiyar ita ce wasan, in ka cire ta ba abin da ya rage.

Abin da ya ci mini rai da rana daban ne. An buɗe mana wuta, na danna don ya laɓe, sai da ya gama juyawarsa tukuna ya saurare ni. Wasan na tafiya da hoto 30 a daƙiƙa, kowane hoto na cin kusan milisakan 33 (milisakan ɗaya bisa dubu ne na daƙiƙa), ninki biyu na wasan da ke kan 60. Ga motsin da dole ya kai ƙarshe kafin wani ya fara, ga talabijin na nata gyare-gyaren hoto kafin ta nuna. Na shiga saitinta na mayar da ita yanayin wasa, abin ya ɗan yi dama-dama. Wasa ya ja ni a hankali, na yarda, amma in yatsana ya yi magana ina so a amsa nan take.

Akwai kuma nawar da ake ɓoye aiki a bayanta, irin doguwar tsayuwar lif a wasan Mass Effect na 2007, lokacin da na'ura ke loda wuri na gaba. Ita ma da uzurinta. Wadda ba ta da uzuri ita ce "je ka ɗauko, dawo ka kai" don kawai a ƙara wa wasa sa'o'i. Da aka sake fitar da wasan Final Fantasy XII a 2017 har da maɓallin ninka gudu sau biyu ko huɗu. Ni dai a ganina masu shi sun san akwai wuraren da ba sa buƙatar a zauna musu.

Da yamma, a wasan Arthur, muka sauko daga dutsen ƙanƙarar zuwa sabon sansani kusa da garin Valentine. Tafiyar keken dokin doguwa ce, hira kawai ake yi, har ƙafar keken ta cire aka tsaya gyara. Ban ko taɓa tunanin tsallake ta ba.