Charles Knight da mujallar kwabo ɗaya

Jama'a, tun jiya da daddare nake karanta tarihin wani Bature, Charles Knight, har yanzu bai fita raina ba. An haife shi a garin Windsor na Ingila a 1791, mahaifinsa mai sayar da littattafai ne. A zamaninsa littafi kayan masu hali ne, leburan masaƙa sai dai ya hango daga nesa.

A 1832 ya fara fitar da Penny Magazine duk ranar Asabar, kwabo ɗaya tak, cike da zane-zane da bayanin dabbobi, ƙasashe da kimiyya. A shekarar farko ana sayar da kusan kwafi 200,000 a mako. Ya biyo da kundin ilimi, Penny Cyclopaedia, kashi-kashi yadda talaka zai iya saye.

Abin da ya fi taɓa ni, wallahi, harajin takarda ya ci masa dukiya, kundin ya jawo masa asara mai yawa, amma bai daina ba. Ya yi ta rubutu yana yaƙar harajin har aka soke shi a 1861. Wasu sun soki mujallar cewa tana kauce wa siyasa da kukan ma'aikata, kuma suna da hujja. Duk da haka ina ganin girman mutumin nan. Ya rasu a 1873.